Bashin Kwabo 19: Nazari Kan Labarin "Kong Yiji" Na Ƙasar Sin



Idan aka ambaci ƙasar Sin a nan Kuru, abin da ke fara zuwa ran mutum kaya ne: tocila, wayar hannu, janareta, silifa, babur. In an matsa kaɗan sai a tuno finafinan 'yan Chana masu tsalle da duka da muka kalla muna samari, ko sashen Hausa na rediyon Sin da ya fara watsa shirye-shirye tun 1963. Amma abin da mutanen nan suka rubuta game da kansu, yadda suke kallon talakansu da malaminsu da ɗan kasuwarsu, wannan da wuya ya iso mu. Shi ya sa a wannan fitowar na ɗauko wani ɗan gajeren labari nasu, wanda bai kai shafi 10 ba, mu duba shi tare. Sunansa "Kong Yiji", ana furta shi kamar Kung Iji. Marubucinsa Lu Xun, wato Lu Shun a bakinmu. Ni dai a fassarar Turanci na karanta, wadda Yang Xianyi da matarsa Gladys Yang suka yi aka buga a Beijing a 1960. Na bi ta a hankali da ƙamus a gefe, don Turancin nawa na kasuwa ne.

An haifi Lu Xun a garin Shaoxing a 1881, ya rasu a Shanghai a 1936. Gidansu gidan malamai ne da ya karye. An ɗaure kakansa kan batun cin hanci a jarrabawar gwamnati, mahaifinsa kuma ya kwanta jinya mai tsawo, har yaron ya saba da zirga-zirga tsakanin inda ake jinginar da kaya da inda ake sayar da magani. Da ya girma ya tafi Japan karatun likita a garin Sendai. A can ne, kamar yadda ya faɗa da kansa, aka nuna musu hoto a aji, lokacin yaƙin Rasha da Japan: za a sare kan wani ɗan Sin da ake zargi da yi wa Rasha leƙen asiri, ga 'yan'uwansa lafiyayyu sun kewaye suna kallo, fuskokinsu ba ko damuwa. Ya ga cewa ciwon mutanensa ya wuce na jiki, ya bar likitanci ya kama alƙalami. A riƙe wannan magana ta 'yan kallo, don ita ce ƙashin bayan labarin da za mu duba.

Akwai abu guda kuma da ya kamata a sani. Kimanin shekara 1,300 ƙasar Sin tana zaɓen ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa kan littattafan Konfushiyas da almajiransa. Wanda ya ci ya zama babba, ya samu muƙami da gona da bayi. Wanda ya faɗi sai ya sake, wani har furfura ta fito yana sakewa. A 1905 aka soke tsarin gaba ɗaya. Dubban mutane suka wayi gari da ilimin da ba shi da kasuwa. A 1919 Lu Xun ya fitar da wannan labari a mujallar matasa ta Xin Qingnian, kuma ya rubuta shi da harshen da mutane ke magana da shi a titi, ya bar tsohon harshen malamai wanda talaka ba ya ganewa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, mu da muka san dalilin da ya sa Shehu Usmanu da Nana Asma'u suka yi wa'azi da Hausa da Fulatanci alhali Larabci na hannunsu.

Ga labarin a taƙaice. Wani yaro ɗan shekara 12 ya kama aiki a wani shagon giya mai suna Xianheng. Shagon na da kanta a bakin titi. Leburori masu gajeriyar taguwa a nan suke tsayawa su sha kwano guda a tsaye su wuce. Masu doguwar riga, wato malamai da masu hali, su ne ke shiga ɗakin ciki su zauna a kawo musu. Mutum ɗaya tak ke sa doguwar riga amma yana sha a tsaye cikin leburori: Kong Yiji. Dogo ne, fuska a koɗe, gemu a hargitse, rigar ta yi dauɗa ta yage kamar ta shekara 10 ba ta ga ruwa ko allura ba. Ya yi karatu amma bai ci ko matakin farko na jarrabawar ba. Yana da kyan rubutu, yakan kwafa wa mutane littattafai a biya shi, sai dai ga ƙyuya ga shaye-shaye, wani lokaci ya ɓace da littafin da takardar da alƙalamin baki ɗaya. Da aka daina ba shi aiki sai ya riƙa 'yar sata. Ko sunan nan ba nasa ba ne. Sunan gidansu Kong, sai mutane suka ƙarasa masa da haruffan da yara ke fara koyon rubutu da su. Kamar dai a ce a unguwarmu an laƙaba wa dattijo Malam Alu-Ambaki, har aka manta sunan yankansa.

Duk ranar da ya shigo, shagon ya samu abin dariya. A tambaye shi sabon tabon da ke fuskarsa, a ce an gan shi an rataye ana duka kan satar littafi. Ya yi ja, jijiyoyin goshi su tashi, ya kare kansa da cewa ɗaukar littafi ga mai ilimi ba a kiransa sata, ya bi da dogayen kalmomin malamai da ba wanda ke fahimta, a kwashe da dariya. In an so a ƙure shi sai a tambaye shi yadda aka yi duk karatun nan bai ci jarrabawa ba. Nan ne fuskarsa ke mutuwa. Amma duk da haka ya fi kowa kyan biyan bashi. In an rubuta sunansa a allon bashi, kafin wata ya cika ya biya an goge.

Wata rana mai shago na lissafi ya lura Kong Yiji ya daɗe bai zo ba, kuma ana binsa kwabo 19. Wani cikin masu sha ya ba da labari: ya je sata gidan wani babban malami mai suna Ding, wanda shi ya ci jarrabawar, aka sa shi ya rubuta takardar amsa laifi, aka dake shi kusan dare guda har ƙafafunsa suka karye. Mai shago ya ci gaba da lissafinsa. Da sanyi ya shigo, sai ga Kong Yiji a bakin ƙofa, zaune kan 'yar tabarma da ya ɗaure da igiya a kafaɗa, doguwar rigar ma babu. Abin da mai shago ya fara yi masa shi ne tunin bashi. Ya ce faɗuwa ya yi, idanunsa na roƙon a bar maganar, aka yi dariya. Ya miƙa kwabo 4 na abin da ya sha, hannunsa duk taɓo, don da hannuwan ya jawo jiki ya zo. Ya sha ya koma yadda ya zo. Ƙarshen shekara mai shago ya ambaci kwabo 19 ɗinsa, bikin da ya biyo baya ya sake ambata, daga nan ya daina. Yaron ya rufe labarin da zaton cewa mutumin ya mutu. Shi ke nan.

To, me ya sa labarin da ba shi da jarumi, ba soyayya, ba yaƙi, ya tsaya wa mutum a rai?

Na farko, kantar nan. Lu Xun bai tsaya yi mana wa'azi kan bambancin talaka da mai kuɗi ba, ya dai nuna wa ke tsaye wa ke zaune. Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi da asubar sanyin Kuru ya san akwai wanda ake matsa wa benci, akwai wanda ke karɓar kofinsa ya raɓe gefe. Kong Yiji ba shi da wuri ko ɗaya cikin biyun. Aljihunsa ya hana shi ɗakin ciki, rigarsa ta hana shi zama ɗaya da leburori. Da jimla guda marubucin ya gama bayyana mutumin, kuma wannan ƙwarewa ce babba.

Na biyu, allon bashi. A matsayina na ɗan kasuwa nan ne labarin ya fi kama ni. Duk garin ba inda aka rubuta sunan mutumin nan sai a allon bashi. Ba wanda ya lura ya ɓace sai da lissafi bai cika ba. Mutuwarsa ma ba a sanar da ita ba, an dai gane ta ne ranar da mai shago ya fid da rai da kuɗinsa. Kuma a lura da wane irin mai shago ne: tun farkon labarin an gaya mana yana so yaronsa ya riƙa yi wa leburori algus, a ƙara ruwa a abin sha, yaron ne ya kasa saboda suna sa ido. Ke nan mai cutar jama'a kullum yana bayan kanta da mutuncinsa, wanda ya fi kowa biyan bashi kuma shi ake kira ɓarawo. Lu Xun bai ja layi ƙarƙashin wannan ba, ya ajiye su kusa da juna ya bar mai karatu ya gani.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne bakin da aka sa labarin a ciki. Yaron shago ne ke ba da shi, bayan ya girma, kuma babu nadama a muryarsa. Akwai inda Kong Yiji ya so ya koya masa rubuta wani harafi na sunan waken da ake sayarwa a shagon, yana ce masa zai yi masa amfani ranar da ya zama mai shago yana riƙe lissafi. Ya ce harafin ana rubuta shi ta hanya 4, har ya tsoma farcensa a kwano zai zana masa a kan kanta. Yaron ya ga mabaraci ne zai jarraba shi, ya juya baya. Dattijon ya yi ajiyar zuciya. Yaron nan ba mugu ba ne. Ya ga maigidansa na dariya, ya ga manya na dariya, kuma lokacin ne kaɗai ake barinsa shi ma ya dara ba a yi masa tsawa ba. Haka ya koyi wulaƙanci kamar yadda ya koyi awo. Mai karatu ma a shafukan farko dariyar yake yi, sai an zo wurin hannu mai taɓo yake gane a wane sahu ya tsaya. Haƙorin dariya shi ke cizo. Wani abokin Lu Xun mai suna Sun Fuyuan ya ruwaito cewa cikin gajerun labaransa wannan ya fi so, kuma na ga dalili.

Yana da kyau mu auna shi da namu. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, shekara 14 bayan labarin Lu Xun. Shi ma tushensa malami ne da aka kunyata: Liman ya faɗi a fada cewa ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, aka wulaƙanta shi gaban jama'a. Amma a wajen Imam, malamin nan yana da ɗa a gida wanda ya ɗauki sanda ya shiga duniya don ya wanke shi, kuma ya dawo da ruwan. Dariyar da muke yi wa Malam Zurƙe ma ba ta barin tabo, don yau a yi masa gobe ya rama, kowa ya tashi ya kaɗe rigarsa. Imam ya rubuta duniyar da mutunci ke dawowa. Lu Xun ya rubuta wadda in ya zube ba mai kwashewa. Ruwan Bagaja ya fi daɗin ji a tsakar gida da dare, wannan ba gardama. Amma idan ana maganar abin da ke faruwa da wanda ba shi da ɗa ba shi da dangi, na Lu Xun ya fi kusa da abin da ido ke gani.

Duk da haka ina da ja a wurare biyu. Na ɗaya, garin da ya zana babu mai tausayi ko guda. Na shekara fiye da 30 a kasuwa, kuma ban taɓa zama kasuwar da aka rasa mutum ɗaya, ko tsohuwa mai ƙosai ce, da zai miƙa wa gurgu abin karyawa ya ce bar kuɗinka ba. Na san da gangan ya cire wannan mutumin don maganin ya yi ɗaci, tunda likitanci ya fara karanta tun asali. Sai dai labarin da ya toshe kowace ƙofa yana iya sa mai karatu ya ce ai haka duniya take, ya naɗe hannu, ya koma ɗan kallon da marubucin ke yaƙa.

Na biyu, yaranmu 'yan boko na iya karantawa su ce abin da ake nufi shi ne tsohon karatu ba shi da amfani, duk ya ƙare a sanin hanya 4 ta rubuta harafi ɗaya. Ko Lu Xun ya nufi haka, labarin da kansa bai tsaya masa shaida ba. A duba: wa ya raba wa yaran unguwa ɗan wakensa ɗaya bayan ɗaya, alhali shi ke nan abin da ke gabansa? Wa ya so ya koyar da yaron shago kyauta? Wa ke biyan bashi kafin wata? Duk ɗan alherin da ke cikin labarin daga mai tsohon karatun ya fito. Wanda ya karya masa ƙafa kuwa littattafai iri ɗaya suka karanta, bambancinsu shi ya samu takardar shaida. Laifin Kong Yiji na gaskiya, bayan sata da shaye-shaye waɗanda ba mai wanke shi daga gare su, shi ne ya ɗauka karatu ya ɗaga shi sama da sana'a. A nan mu Hausawa muna da gadon da ya fi nasu. Malamanmu na da sun haɗa allo da allura, sun haɗa gafaka da fatauci, alaramma na noma da damina yana rubuta Alƙur'ani da rani. Ba a taɓa ganin malami mai ɗinkin hula ya zubar da girma ba. Babu maraya sai rago.

Yanzu mu dawo gida. Kakanninmu da yawa kuza ce ta kawo su wannan tudu. Da farashinta ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, mun ga akawun kamfani da direban injin haƙa, mutanen da ake tashi a gaida su, sun koma zaman bakin masallaci da tsohuwar kwat ɗinsu. Mun ga gardin da ya ƙware a rubutun hannu, injin buga littafi ya kwashe masa kasuwa. Bayan abin da ya faru a Kuru Karama a Janairun 2010, mun ga masu gida da rumfa sun wayi gari ba su da ko tabarma, wasu har yau ba su miƙe ba, amma ba su iya roƙo. Ga kuma sabon rukuni: yaron da aka sayar da gona aka kai jami'a, ya dawo da digiri, shekara 5 ba aiki, yana jin kunyar jan keke napep ko zama rumfar dankalin turawa don kada a ce karatun ya tashi banza. Muna zaune kusa da Cibiyar Nazarin Manufofi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ga Makarantar Kimiyya ta Kuru, saboda haka yaranmu sun tashi suna ganin darajar takarda da idonsu. Abin mamaki, su ma can Sin a 2023 matasa masu digiri marasa aiki sun tayar da labarin nan a intanet, suna cewa takardar shaidarsu ita ce doguwar rigar Kong Yiji, sun kasa tuɓe ta. Labarin da ya haura shekara 100 ke nan.

Ga waɗannan yara magana ɗaya ce: a tuɓe rigar a kama sana'a, ilimin ba ya bin riga ya fita. Amma nauyin labarin ba a kansu yake ba, a kanmu yake, mu masu tsayuwa bayan kanta da masu zama kan benci. Kowace majalisa a unguwar nan tana da wanda in ya iso ake gyara zama don an samu abin nishaɗi. Wani tsohon malamin makaranta ne da ke jefa Turanci, wani gardi ne da kai ya ɗan taɓu, wani tsohon attajiri ne mai ba da labarin motocin da ya yi. Muna cewa ai wasa ne, shi ma yana dariya. Yaran shagonmu na tsaye suna ɗauka. Suratul Hujurati ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, kuma ba ta ware wasa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, kan rubuta bashi take, don haka riƙe littafin bashi ba laifi ba ne, umarni ne. Amma kafin a kai gare ta da aya biyu an riga an yi umarnin jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, aka nuna yafewa ta fi. Mai shagon Lu Xun ya riƙe rubutun ya bar jinkirin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya kamata kowane mai rumfa cikinmu ya buɗe littafinsa ya duba sunan da ya daɗe bai motsa ba, kafin ya aika a karɓo kuɗin ya fara aikawa a dubo lafiyar mai sunan.

Wani abu da zai ba ku dariya mai ɗaci: shagon Xianheng yana nan a Shaoxing, an sake buɗe shi a 1981, an kafa mutum-mutumin Kong Yiji a ƙofa, baƙi na zuwa daga ko'ina su sayi irin waken da yake ci. Mutumin da aka bi kwabo 19 har kabari yanzu shi ke kawo ciniki.

Labarin gajere ne, mai Turanci zai gama shi tsakanin la'asar da magariba. Ina kira ga ɗalibanmu na unguwa da suka yi nazarin harshe, wani ya zauna ya mayar mana da shi Hausa, a buga a wannan mujalla, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Mun karɓi labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa ta hannun Abubakar Imam a Magana Jari Ce, suka zama namu. Wannan ma zai zauna daram a bakinmu.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu gama da mutuncinmu, ya hana mu zama sanadin zubewar na wani.